Warin da na'urata ba ta ji ba

An haife ni a unguwar Birni ta Damagaram, a gidan da aka sani da turare, domin kakata ta wajen uba, wadda muke kira Iya, ta shekara fiye da arba'in tana haɗa turaren wuta da humra tana sayar wa masu aurar da 'ya'ya. Sunanta aka sa mini, shi ya sa mahaifina bai taɓa kiran sunana na yanka ba, Uwata yake ce mini har gobe. Abin da na fi tunawa game da Iya shi ne yadda take karɓar kaya daga hannun masu kawo mata: ba ta taya kajiji ko farce ko itacen sandal sai ta fara kai shi hanci ta lumshe ido, kuma idan ta ce buhun nan ya kwana a danshi, ko mai kayan zai rantse da girman Allah ba za ta saya ba. Wani lokaci mu yara mukan sunsuna mu ce ba mu ji warin komai ba, sai ta ce ai ba wari ya yi ba, mutuwa ya yi, ƙamshinsa ya gudu.

Na karanta ilimin sinadarai a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, kuma a shekarar 2011 na samu tallafin ƙaro karatu a birnin Bordo na ƙasar Faransa, inda na zaɓi fannin awon sinadarai da na'urori. Sharaɗin kammala digirin shi ne ɗalibi ya yi wata shida yana koyon aiki a wani ɗakin gwaji. Na aika takardun neman gurbi sama da ashirin, wuri guda ne kawai ya amsa mini, wani ɗakin gwaji mai zaman kansa da ke wajen gari, wanda kusan dukan aikinsa na masu giyar inabi ne. Wanda ya san Bordo ba zai yi mamaki ba, domin inabi shi ne geron mutanen wannan yanki, a kansa tattalin arzikinsu ya dogara.

Na kwana uku ban iya kiran gida ba. Da na kira, na yi wa Baba bayani cewa ba sayarwa zan yi ba, ba zubawa wani zan yi ba, ba kuma ɗanɗanawa zan yi ba, aikina shi ne sarrafa na'urar da ke neman gurɓataccen sinadari. Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke, sannan ya tuna mini hadisin da ya lissafa mutum goma da aka la'anta a kan giya, tun daga mai matse ta har zuwa mai ɗaukarta da mai cin kuɗinta. Ya ce, “Uwata, ni ba malami ba ne, ba zan ce miki kina cikinsu ko ba kya ciki ba, amma hankalina bai kwanta ba. Ki gama abin da ya kai ki, ki nemi mafita, kuma kafin ki fita kada ki ci amanar kowa.” Na yi masa alkawari, na kuma ƙara wa kaina wata doka da bai sa mini ba, cewa ko hancina ba zan kai bakin kofi ba. Wannan doka ta biyu ce daga baya ta zama mafakar da na ɓoye girman kaina a ciki.

Ranar da na fara aiki na yi wanka na shafa humrar da Iya ta haɗa mini, kamar yadda kowace 'yar gidanmu za ta yi idan za ta shiga mutane. Ban wuce minti biyar a ciki ba wata dattijuwa da ta kusa ritaya, wadda kowa ke kira Madam, ta ja ni gefe ta ce in koma gida in sake tufafi. A wannan gini ba a shafa turare, ba a sa man shafawa mai ƙamshi, kuma ba a taɓa goge ƙasa da ruwan Javel, wanda mu a gida muke ɗauka shi ne ƙarshen tsabta. Na ji kunya ƙwarai, amma hanin Javel ɗin ne ya fi ɗaure mini kai, kuma bayaninsa shi ne darasina na farko.

Faransawa suna da lafazin goût de bouchon, wato ɗanɗanon matoshin kwalba da ake yi da ɓawon wata bishiya, da suke kiran giyar da ta yi warin funfuna irin na jiƙaƙƙen kwali. An daɗe ana fama da matsalar ba a san sanadinta ba, sai a 1982 Hans Tanner da abokan aikinsa na cibiyar bincike ta Wädenswil a ƙasar Suwizalan suka wallafa cewa babban mai laifin wani sinadari ne mai suna 2,4,6-trichloroanisole, wanda muke taƙaitawa da TCA. Funfuna ce ke ƙera shi. Idan sinadarin kilorin, wanda ke cikin ruwan Javel, ya haɗu da wasu abubuwan da ke cikin itace ko ɓawonsa, sai a samu trichlorophenol, wanda guba ne ga funfuna, ita kuma domin ta kare kanta sai ta sauya shi zuwa TCA, wanda ba ya cutar da ita. A da masu yin matosai da kilorin suke wanke su domin su yi fari, wato da hannunsu suke ba funfuna kayan aiki, har sai da masana'antar ta koma amfani da hydrogen peroxide. TCA ba ya sa mai sha rashin lafiya a irin adadin da ake samu, illarsa ita ce ƙarfin warinsa. Hancin da ya ƙware yana jin sa a nanogiram biyu zuwa huɗu cikin lita guda, nanogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan ɗaya na giram. Na taɓa zama na yi lissafi a bayan littafina, na ga cewa giram guda tak ya isa ya ɓata lita miliyan 500.

Neman abu kaɗan haka shi ne sana'ar da na koya, kuma ba zan ɓoye ba, na so ta. Idan aka kawo buhun matosai, mukan ɗebi samfuri mu jiƙa shi sa'a 24 a ruwan da aka haɗa da barasar gwaji kashi 12 cikin ɗari, domin abin da ake son sani shi ne yawan TCA da matoshin zai iya saki, ba wanda ke kulle a cikinsa ba. Daga wannan ruwa ake ɗibar mililita 10 a zuba a 'yar kwalba, a sa gishiri domin ya kora sinadarin sama zuwa iskar da ke tsakanin ruwan da murfi, a kuma ɗiga wani ɗan'uwan TCA da aka ƙera musamman, wanda ya fi shi nauyi kaɗan, domin ya zama ma'aunin kwatance. Sai allura ta huda murfin ta fito da wani siririn zare mai rufin roba, wanda ke rataye a cikin iskar yana tsotse sinadarin. Janusz Pawliszyn na Jami'ar Waterloo a Kanada ne ya ƙirƙiro wannan dabara ta SPME wajen 1990. Daga nan allurar takan shiga bakin na'urar GC-MS mai zafin digiri 250, zafin ya kakkaɓe abin da zaren ya ɗauko, iskar hiliyam ta tura shi cikin wani bututu mai tsawon mita 30 wanda faɗin cikinsa rubu'in milimita ne, an naɗe shi kamar gammo a cikin tanda. Abin da ke faruwa a bututun ya yi kama da shiƙar hatsi: iska ɗaya ce ke kaɗa komai, amma mai sauƙi ya yi gaba, mai nauyi da mai manne wa bango su biyo baya, kowanne da mintin fitowarsa. A ƙarshen bututun akwai ma'aunin da ke farfasa ƙwayar sinadari ya auna nauyin gutsattsarinta, kuma da waɗannan gutsattsari ake gane ko wane ne ya fito.

Akwai abu guda game da wannan ma'auni da dole in bayyana, domin a kansa labarina ya rataya. Idan aka bar shi ya duba duk abin da ya fito, idonsa ba ya kaiwa ga nanogiram. Saboda haka ake umartarsa ya zuba ido kan nauyi biyu ko uku kawai, waɗanda ga TCA su ne 195 da 210 da 212, ya yi watsi da sauran. Kamar mai gadi ne da aka nuna wa hoton ɓarawo guda aka ce shi zai tsare. Ko ɓarayi goma za su wuce ta gabansa, idan babu mai wannan fuska zai ce lafiya lau aka kwana.

Bayan wata shida suka ɗauke ni aiki, ni kuma na karɓa, ina gaya wa kaina cewa na ɗan lokaci ne kafin in samu wani. A shekarun da suka biyo baya na san sauran masu ɓata giya: sinadaran da wani yisti mai suna Brettanomyces ke fitarwa masu warin bargar doki, da guaiacol da ke shiga inabi idan gobarar daji ta turnuƙe gona da hayaƙi, da geosmin. Ranar da aka buɗe mini kwalbar geosmin domin in haɗa ma'auni na kusa yin kuka, domin ƙamshin ƙasa ne na ranar da aka yi ruwan farko, wanda muke fitowa tsakar gida muna shaƙa, ga shi a nan an rubuta shi cikin jerin aibobi. An kuma tura ni Fotugal sau ɗaya, ƙasar da ke samar da kusan rabin ɓawon matosai na duniya, na ga bishiyoyin a yankin Alentejo da jajayen jikkunansu bayan an saɓule musu ɓawo. Bishiyar sai ta shekara 25 ake fara ɓare ta, sannan duk bayan shekara tara, kuma sai a karo na uku ɓawon ke yin kyan da za a yanka matoshi da shi. Mutumin da ya dasa ta jikansa yake yi wa.

A duk wannan lokaci ni da Madam muna zaune lafiya amma ba mu jitu a kan aiki ba. Ita ce shugabar masu sunsunawa, takan jera kofuna ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa ina ganin wannan aikin zamanin da ne, tunda hanci yana gajiya, mura tana toshe shi, kuma ba ya ba da lamba. Takan ce mini, “'Yata, na'urarki ta fi ni gani, amma ni na fi ta jin tsoro.” Nakan yi murmushi kawai.

A kakar 2014 wani mai ƙaramar gonar inabi ya aiko da kwalabe shida da ragowar matosansa. Wani ɗan kasuwa a Beljiyam, wanda ya shekara da shekaru yana sayen kayansa, ya dawo masa da kaya yana cewa suna warin matoshi. A takardar buƙata mai gonar ya zaɓi awon TCA kaɗai, domin shi ne mafi araha. Madam tana hutu a wannan mako. Na ɗora gajeren tsarin awo, wanda TCA kaɗai yake nema, na auna giyar, na auna matosan, duka suka fito ƙasa da rabin nanogiram a lita. Har nan ban yi kuskure ba. Kuskuren yana cikin jimlar da na rubuta a ƙasan sakamakon, domin maimakon in ce ba a samu TCA ba, sai na rubuta cewa giyar ba ta da gurɓatar da ke kawo warin funfuna. Shugaban ɗakin gwajin ya sa hannu cikin gaggawa tare da wasu takardu da yawa. Mai gonar ya ɗauki takardata ya haɗa da wata wasiƙa mai zafi ya aika wa ɗan kasuwar, yana zarginsa da neman hanyar karya farashi, sannan ya sayar da ragowar kayan ga wani dabam. Bayan wata biyu shi ma na biyun ya dawo da su.

Da kwalaben suka sake zuwa, Madam ta zuba a kofi ta kai hanci sau ɗaya, ta ajiye, ta ce in ɗauko mayafina mu tafi gonar. Rumbun ajiyar yana ƙarƙashin ƙasa, an gina shi da dutse, kuma tun a matakala ta uku na tsaya cak. Ban sunsuna giya ba, iskar wurin kawai na shaƙa, amma abin da na ji shi ne ƙuryar ɗakin soro a tsakiyar watan Agusta, lokacin da tabarma ta sha laima, warin da Iya ke sa a fito da kaya rana saboda shi. Da na sauka wannan matakala wata biyu da suka wuce, ko da na tambayi wani ya sunsuna mini kofi guda, da ban rubuta waccan jimla ba. Na riƙe dokar da na sa wa kaina, wadda ba ta hana ni tambaya ba, na mai da ita hujjar raina duk wani sani da ba daga allon kwamfuta ya fito ba.

Muka ajiye faranti-faranti na farar lakar bentonait a kusurwoyin rumbun, domin tana tsotse abin da ke yawo a iska, muka kankaro ɗan itace daga sababbin katakan da aka jera kwalabe a kai, muka yanko guntun tiyon roba da ake juye giya da shi. Bayan kwana biyar na auna su duka da dogon tsari, wanda ke neman dangin TCA gaba ɗaya. A wurin da gajeren tsarina ya riga ya rufe ido, mintuna kaɗan bayan lokacin fitowar TCA, sai ga wani tsauni ya tashi a allo a nauyi 344 da 346. TBA ne, wato 2,4,6-tribromoanisole, wanda Pascal Chatonnet da abokan aikinsa suka bayyana a giya tun 2004, a nan yankin Bordo ɗin, kuma na karanta shi a aji har na amsa tambaya a kansa a jarrabawa. An shafa wa katakan maganin kare itace mai tribromophenol, danshin rumbun ya tayar da funfuna, funfuna ta yi aikinta, sinadarin ya bi iska ya shige robar tiyo da marufan ganguna, daga nan ya sauka cikin giyar tun kafin a sa mata matoshi. Matosan Fotugal ba su da laifi, ɗan kasuwar Beljiyam kuma gaskiya ya faɗa.

Na shiga ofishin shugaba na ce jimlar tawa ce, ba na'ura ce ta yi kuskure ba. Inshorar ɗakin gwajin ta biya wani ɓangare na asarar, aka fitar da katakan, aka sauya tiyo, giyar wannan shekara kuma aka sayar da ita da arha ga masu tace barasar masana'antu. Na roƙa a bar ni in kai gyararriyar takardar da hannuna. Mai gonar ya karanta a tsaye, bai ɗaga murya ba, ya ce kuɗi za su dawo, amma mutumin da ya kira maƙaryaci abokin cinikin mahaifinsa ne, kuma bai amsa wayarsa ba tun ranar da wasiƙar ta isa. Da na ba Baba labari a daren nan, ina tsammanin zai ce ai ya faɗa mini tun farko, sai ya ce, “Uwata, wannan ba maganar giya ba ce. Shaida kika bayar a kan abin da ba ki duba ba, kuma da goro ne ko gishiri, nauyin ɗaya ne.”

Daga wannan lokaci na sauya yadda nake rubuta sakamako: nakan faɗi abin da aka nema, da iyakar ganin na'ura, da abin da ba a nema ba, ko da mai kaya bai tambaya ba. Na kuma fara zama kusa da Madam idan tana sunsuna ruwan da aka jiƙa matosai da kwalaye da katako, ina koyo. Ita ce ta nuna mini binciken da wasu masana na Jami'ar Osaka a Japan suka wallafa a 2013, wanda ya nuna cewa TCA yana danne ƙofofin da jijiyoyin hanci ke karɓar ƙamshi da su, ta yadda idan ya yi kaɗan ba a jin wari, sai dai a ji abu ya yi lami. Ina karantawa ina jin muryar Iya tana cewa mutuwa ya yi, ƙamshinsa ya gudu.

Mafitar da Baba ya ce in nema ta zo ta wannan ƙofa. Waɗannan sinadarai ba giya kaɗai suke ɓatawa ba, ana samun su a gahawa da busassun 'ya'yan itace da ruwan sha, kuma a ƙarshen 2009 da farkon 2010 an janye maganin Tylenol mai yawa daga kasuwannin Amurka saboda warin TBA da ya fito daga katakan ɗora kaya. Da wannan ƙwarewa na samu aiki a 2016 a wani ɗakin gwajin kayan abinci da marufansu, shekarar da kamfanin Amorim na Fotugal ya fito da na'urar da ke auna matosai ɗaya bayan ɗaya cikin daƙiƙoƙi. Bayan shekara guda na tattara na dawo Yamai, inda yanzu nake auna ragowar maganin ƙwari a riɗi da wake da ake fitarwa waje, da irin na'urar da na saba da ita, sai dai a nan tukunyar hiliyam takan yi watanni a hanya.

Iya ta rasu a 2015 ina Bordo, ban samu jana'iza ba. Aka kulle ɗakinta, damina biyu suka wuce a kansa, kuma da na je Damagaram bayan dawowata gwaggona ta ba ni mabuɗi ta ce ni ce mai sunanta, ni zan buɗe. Na tura ƙyauren, warin matakalar nan ta uku ya tarye ni, daga tabarmi da akwatin katako da buhunan kajijin da ta bari. Na tsaya a bakin ƙofa ina jero sunayen sinadarai a zuciyata, har Gwaggo ta gaji da jira ta ce, “Ke 'yar nan, tsayuwar me kike yi? Fito da kayan nan rana, ki ɗebo garwashi a kasko.” Muka kwashe kayan zuwa tsakar gida, na sunsuna buhunan ɗaya bayan ɗaya na ware biyu da suka mutu, sannan na buɗe kwalbar turaren da Iya ta haɗa na ƙarshe, na zuba a wuta.